Daƙiƙa Arba'in

Takardar ta iso da hantsi, cikin Faransanci.
Mushe Barmo ya miƙo min ita da yatsu biyu
kamar mai riƙe da ɓera ta wutsiya:
"Teku ya yi zafi, in ji su. Ki juya ta Hausa.
Daƙiƙa arba'in, bayan farashin gero,
kafin sanarwar rasuwa."

Na ce arba'in ba za su ɗauki teku ba.
Ya ce, "Cima, kin taɓa ganinsa?
Ni ma ban taɓa ba, sai direbobin Kwatano,
su ma labarin gishirinsa kawai suke kawowa.
Mai saurarenki soronsa na yoyo,
ga bashin taki, ga yaro da zazzaɓi,
ki ƙara masa tsoron ruwan da ba ya sha?"

Ma'azu mai haɗa sauti ya zare abin kunne.
"Ai tsoron ake saya.
Shekara nawa tele na nuna mana
farar dabbar nan tsaye kan ƙanƙara?
Ranar da gulbi ya cinye gonar kawuna a Tibiri
ko mai hoton katin shaida bai leƙo ba."

Na zauna da alƙalami, ni da kalmar da aka ba mu:
ɗumama.
Da ita innata ke tashin tuwon jiya,
ta yayyafa ruwa, ta rufe, ta kira mu mu ci.
Ta yaya zan tsorata Maraɗi da karin kumallo?

Jar fitila ta kama. Na karanta yadda na iya.
Ban kai ƙarshe ba waya ta fara kuka.

Na farko daga Sabon Gari, murya kamar guduma:
"Su suka hura wutar, da manyan injunansu,
yanzu gawayin matata suke lissafi.
Ku daina zama bakinsu!"

Na biyu Nomau ne, masunci a Madarunfa,
ana jin ruwa na lasar gindin kwalekwale.
"Ni ban san teku ba, amma na san ruwa.
In ya yi ɗumi, kifi kan taso sama
yana buɗe baki kamar mai neman magana.
Ku tambayo min, na can ma haka yake yi?"

Sai wata dattijuwa daga Bagalam,
ba ta faɗi suna ba, kuma ban tambaya ba.
"Ɗiyata, katangata ta faɗi a dare ɗaya.
Shekara talatin tana shan damina
ba ta taɓa ganin irin wannan ba.
Ruwan nan, daga tekun naku aka ɗebo shi?"

Na juya takardar. Bayanta fari fat.
Akwai ma'auni, akwai sunan jirgin bincike,
akwai sunayen tsibirai da harshena ya kasa lanƙwasawa,
babu Bagalam.
Na ce, "Inna, ban sani ba."
Karo na farko ke nan a gidan nan
da wani ya faɗi haka fitila na kunne.

Ta cikin gilashi Barmo ya ɗaga hannu zai yanke,
hannun ya tsaya a sama.
Mamata uku na jiran a faɗi sunansu,
suka yi mana haƙurin kwata guda.

Da la'asar ya wuce teburina bai dube ni ba,
ya ajiye guntun kwalin shayi
da lambar wani malamin yanayi a jami'a.
"Gobe. Minti goma. Da Hausa zai yi,
in ya fara ƴan lissafinsa ki katse shi,
ki yi masa tambayar tsohuwar nan."

A kan kabu-kabu iska ta taso daga kudu,
na buɗe hanci ko zan ji gishiri.
Ƙamshin ƙasa kawai, da hayaƙin masu tsire.

Da asuba na tarar da inna a bakin murhu.
Ta ɗaga murfi, ta kai yatsa, ta janye da sauri.
"Ɗumame ma," in ji ta, "in ka manta shi, ƙonewa yake."